Sharif Mai Auna 'Yan Takara

Duk wanda ya taɓa shan shayi a ƙofar kasuwar Tsamiya a Garwa ya san Sharif, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Atamfa yake sayarwa, amma ciniki ba shi ne sana'arsa ba. Sana'arsa sanin wanda zai ci zaɓe. Na Amurka, na Najeriya, na Sanagal, har na shugaban 'yan moto, masu haya da babur, na unguwa, babu zaɓen da aka taɓa yi Sharif bai riga kowa sanin sakamakonsa ba. Sai dai ba ya faɗa sai bayan rediyo ta sanar. Daga nan zai bugi cinya ya ce ai tun tuni ya faɗa, mu ne ba mu da kunne. Takardar shaidarsa a wannan fanni kuwa ita ce wai ya taɓa riƙe wa wani ɗan takara lema a garin Pitowa, kuma mutumin ya ci.

Mun bar shi da surutunsa shekara da shekaru don ba ya cutar kowa, sai shekarar da Didier ya tasa mu gaba. Didier shi ne firezidan na ƙungiyar 'yan kasuwa, ya daɗe a kujerar har yaran da aka haifa lokacin da ya hau sun fara gemu. Shi ke raba rumfuna. Rana ɗaya ya fito da sabon tsari, wai layinmu na Hausawa, wanda muka gada daga kakanninmu da fatauci ya kawo su, za a tashe shi daga bakin babbar ƙofa a mai da shi can ƙurya, jikin masu bandar kifi. Wanda ya san atamfa da shadda da turare ya san abin da hayaƙin kifi ke yi musu. Babu matar da za ta sayi zane mai ƙarnin tarwaɗa. Hankalinmu ya tashi ƙwarai, kuma mafita ɗaya muka gani: zaɓen firezidan ya gabato, a kayar da Didier kafin ya tashe mu.

Aka taru a zauren Malum Mahamman, dattijon layinmu. Da aka tambayi wa zai tsaya, mutum uku suka ɗaga hannu. Ga Alhaji Hassan mai shinkafa, mutum mai jiki da manyan riguna. Ga Ridwan mai wayoyi, saurayi ɗan boko, Faransanci a bakinsa kamar ruwan famfo. Ga kuma Mama Kaltumi mai turaren wuta, wadda in ta yi tsawa matan kasuwa kaf suke shiga taitayinsu. Malum ya ce in uku suka tsaya sun yi wa Didier aiki, dole a fitar da ɗaya, kuma a ganinsa dattawa su zauna su daidaita.

Sharif ya miƙe ya gyara hula.

"Malum, wannan tsohon yayi ne. Inda aka waye firimer ake yi, zaɓen fid da gwani, a auna 'yan takara tukuna. Ba wanda muke so za mu tsayar ba, wanda zai iya cin Didier za mu tsayar. So daban, ci daban."

Malum ya tambaye shi wa zai yi awon. Sharif ya duba dama, ya duba hagu, kamar mai neman wani, sannan ya sauke hannu a ƙirjinsa. Kowa ya yi shiru, don babu mai son ya zama shi ya ɓata wa mutum biyu rai saboda ɗaya. Sharif ya ɗauki shirun nan a matsayin naɗi.

Ya fara da abin da ya kira sondaj, wato jin ra'ayin jama'a. Ya sa riga mai aljihu uku, kowane ɗan takara da aljihunsa, ya riƙo ƙullin gyaɗa. Duk wanda ya ce yana bayan wane, sai ya jefa ƙwaya ɗaya a aljihun wane. Abin da Sharif ya manta shi ne a garin nan babu mai ce maka a'a a fuska. Ya tambayi mai nama ko zai zaɓi Alhaji Hassan, ya ce in Allah ya yarda. Ridwan fa? In Allah ya yarda. Mama Kaltumi? Ai uwa ce, in Allah ya yarda. Wani tsohon Bafulatani kuwa duk sunan da aka ambata sai ya kaɗa kai ya ce boɗɗum, da kyau, har da sunan Didier da ba a tambaye shi ba. Kafin la'asar aljihu uku sun cika taf. Ga yunwa ta kama Sharif a hanya, ya riƙa sa hannu yana watsawa a baki, bai kula daga aljihun wa yake ci ba.

Da yamma ya sanar cewa bincike ya nuna dukkansu ukun sun ci. Matarsa Sadiƙa ta ce da ya kawo mata gyaɗar da ta yi ƙuli, aƙalla a san an yi wani abu. Ya ce mata siyasa ba aikin madafa ba ce, yanzu za a shiga gwaji na fili.

Alhaji Hassan aka fara ɗauka. Sharif ya karanta masa doka ta farko: mai son cin zaɓe ba ya ƙin tayi. A kasuwarmu in babban mutum ya tsaya gaisuwa a rumfa, sai an miƙa masa ɗan abin taɓawa, in ya ƙi kuwa an ce ya raina mutane. Ana yin haka ne a rumfa ɗaya ko biyu. Sharif ya ce za su zaga kasuwar gaba ɗaya, da tsakar rana, shi yana gaba yana shela cewa ga Alhaji nan, ba ya ƙyamar abincin kowa.

Matan Fulani suka ba shi nono mai tsami, ya sha. Masu suya suka ba shi kifi da yaji, ya ci. Aka miƙo ɗanyen mangwaro da gishiri, aka bi shi da folere, wato zoɓo, mai ƙanƙara, matan kudu suka kawo rogon da suke naɗewa a ganye, wata tsohuwa ta fasa masa piya. Da labari ya bazu, har waɗanda ba su da niyyar zaɓen kowa suka fito da kwanuka don su ga iyakar cikin Alhaji. Wajen layin masu ƙosai ya raɗa wa Sharif cewa shi fa ya cika.

"Alhaji, kowace loma ƙuri'a ce," in ji Sharif. "Za ka bar wa Didier ƙosan nan?"

Ya ci ƙosan. Daga nan aka tura shi kan teburin mahauta don ya yi jawabi. Ya ɗaga hannu, ya ce jama'a assalamu alaikum, sai cikinsa ya amsa sallamar kafin kowa, da murya har layin baya. Alhaji ya tsaya cak, ido ya fito. Ya sauko a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ya tattare babbar riga, sannan ya zura da gudun da ba a ga ya yi ba tun yana saurayi. Yara suka bi shi suna kiran firezidan. Da ya kai bayan gidan kasuwa ya tarar da mutum a ciki. Abin da ya biyo baya ba na faɗa ba ne, amma a ranar Alhaji Hassan ya aiko cewa ya janye, kuma kada Sharif ya sake bi ta ƙofar shagonsa.

Sharif ko a jikinsa. Ya ce gwaji ya yi amfani, wanda cikinsa bai riƙe kasuwa ba ina zai riƙe kujera.

Ya juya kan Ridwan. Ya ce yaron yana da ilimi, kwarjini ne ba shi da shi, kuma kwarjini shigowa ce. Ya tara 'yan moto, ya ɗora Ridwan a tsaye a bayan moto mai ƙafa uku ta ɗaukar kaya, cikin kwat da ɗamarar wuya, a zafin da ƙadangare ma ke neman inuwa. Shi ya hau moton da ke gaba da lasifika a hannu. Ridwan ya ce a bi ta babban titi a zagayo. Sharif ya ce titi ba ya jefa ƙuri'a, a ratsa ta layin tumatir inda mutane suke.

Layin tumatir kuwa mutum biyu ma sai sun karkace suke wucewa. Suna shiga da hon da ihu, sai ga wani bijimi ana janye da shi zuwa mahauta. Sa ya ji lasifika a kunnensa, ya fizge igiya, ya nufo su. 'Yan moto suka watse, kowa ya yi ta kansa. Mai ƙafa uku ya danne birki, ita ta tsaya, Ridwan bai tsaya ba. Ya tashi sama da kwat ɗinsa ya sauka tsamo-tsamo a kwandunan Arlette.

Arlette 'yar kudu ce, ita ce shugabar masu tumatir, kuma ba ta da bukatar lasifika. Ta damƙe ɗamarar wuyan Ridwan ta naɗe a hannu kamar mai riƙe da akuya. Sharif ya sauko daga kan rumfar da ya haye don gudun sa, ya zo sulhu.

"Madam, ki yi haƙuri. Dimokuraɗiyya sai da sadaukarwa."

"To ka ce wa dimokuraɗiyya ta zo ta tsince mini tumatir," in ji Arlette. "Ko ka zo kai ma in haɗa ku, ina da hannu biyu."

Sharif ya tuna yana da uzuri a wani wuri. Sai da mahaifin Ridwan ya zo da kansa ya ba da haƙuri aka sake shi. Tsohon ya tasa ɗansa gaba, ja wur tun daga kai har takalmi, yana gaya masa cewa in ya sake jin kalmar takara a bakinsa zai tura shi noman auduga Kaélé. Saura ɗaya.

Mama Kaltumi ta ga duk abin da ya faru, don haka tun kafin Sharif ya buɗe baki ta ce ita ba za ta ci komai ba, ba za ta hau komai ba. Sharif ya ce ai ita ta riga ta haye, bincike ya tabbatar ita ce za ta ci Didier. Abu ɗaya ya rage: a ƙasar nan ba a cin zaɓe ba atamfa. Ko ranar mata sai an buga zane, balle takara. Ta ba shi hoto kawai, sauran aiki nasa ne, shi da ya tsufa a harkar zane. Nan ne ya kama ta, don gaskiya ya faɗa, kuma hoton da ta ba shi na bikin 'yarta ne, ta yi kyau a ciki.

Ya kai aka buga. Ya ce wa masu bugawa su yi fuskar babba, yadda mai raunin ido ma zai gane ta daga nesa. Suka yi ta kamar faifai, ɗaya a tsakiyar kowane zane. Aka raba wa matan kasuwa kyauta, aka ce kowa ta ɗaura ranar Juma'a. Mutumin da ya tsufa a harkar zane bai tsaya ya tuna inda tsakiyar zane ke sauka ba in mace ta ɗaura.

Ranar Juma'a kasuwa ta cika da Mama Kaltumi. Duk macen da ta ba ka baya, ga Mama tana kallonka. A jikin masu ƙiba fuskar ta buɗe tana dariya har kunne, a jikin sirara ta tsuke tana harara, in suna tafiya kuma sai ta riƙa kaɗa kai dama da hagu. Maza suka rasa yadda za su yi, mai tari na tari, mai kallon sama na kallon sama. Wanda ya fi ba ni tausayi surukinta ne, mijin 'yarta, mutumin da tun da ya yi aure bai taɓa ɗaga ido ya dubi fuskar Mama ba saboda kunya. Ya shigo sayen albasa, ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba, sai ya ga ashe sunkuyawar ce ke kai idonsa inda ba ya so. Ya rufe ido gaba ɗaya, ya yi karo da mai baro.

Mama ta daure har lokacin da matan suka gaji da tsayuwa, suka jawo benci suka zazzauna. Ta tsaya ta ga haka da idonta. Ba ta yi ihu ba. Ta tako har rumfar Sharif, kasuwa na biye da ita.

"Sharif, tun kafin a yaye ka nake kasuwar nan, ko inuwata ba a taɓa takawa ba. Yau ka sa an zauna a kaina."

"Mama, ai abin da ake kira goyon baya ke nan."

Ta cire masa hula, ta tsoma ta a bokitin mai wankin kwanuka, ta mayar masa a ka. Ta ce ta janye, kuma duk matar da ta sake ɗaura zanen nan ba ita ba ita.

Aka koma zauren Malum Mahamman ba ɗan takara ko ɗaya, ga ranar rufe karɓar sunaye ta zo. Aka roƙi wannan ya ƙi, aka roƙi wancan ya ce yana da iyali. Malum ya dubi Sharif ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, tun da ya karya uku, shi zai tsaya. Mun zaci zai nemi hanyar gudu. Sai ya yi murmushi ya ce da ma tun farko alƙaluma shi suke nunawa, kunya ce ta hana shi faɗa.

Ga abin da Sharif bai sani ba. Malum ya bi rumfa rumfa yana lallashi, yana cewa fushi na wucewa amma rumfa in ta tafi ta tafi, kuma da babu gara ba daɗi. Mutanen Alhaji Hassan suka haɗiye fushinsu. Mama Kaltumi ta ce ko kututture aka tsayar za ta bi bayansa, balle Sharif da bai fi kututture da komai ba sai surutu, ta kuma ja matan kasuwa. Masu bandar kifi ba sa son a cuso mu a wurinsu, suka shigo. Arlette ma ashe tana da tsohuwar jiƙaƙƙa da Didier. Kafin ranar zaɓe mun fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Malum ya yi gargaɗi ɗaya: kada kowa ya gaya wa Sharif, don in ya ji zai ce zai taimaka.

Zaɓenmu ba na akwati ba ne. A filin bayan kasuwa ake yi, kowane ɗan takara ya tsaya riƙe da allonsa yana fuskantar gaba, magoya bayansa su jeru a bayansa a ƙirga. Ba ya waiwaye, ba a yi masa magana, in kuwa ya bar wurinsa kafin a gama ƙirga ya janye ke nan. Da yake Didier ne mai shirya fili, ya zaɓar wa kansa ƙarƙashin darbejiya, ya ba Sharif tsakiyar rana. Watan Afrilu ne, a Garwa. Masu ƙirga kuma suka fara da layin Didier, a hankali, suna gaisawa da kowa har da tambayar iyali.

Muka yi abin da kowane ɗan garin nan yake yi a layin banki ko na famfo. Kowa ya dubi na gabansa da na bayansa ya riƙe, muka koma jikin katanga muka fake a inuwa, in masu ƙirga sun iso mu dawo kowa wurinsa. Sharif na can tsaye shi kaɗai da allo, gumi na bin gemunsa. Bai jin motsi a bayansa, bai jin tari, bai jin takun kowa. Mutanen Didier suka lura, suka fara jefo magana daga inuwa, wai Misye Sharif ko mutanenka sun tafi Pitowa cin kasuwa ne.

Akwai wata moto da aka jingine a gefensa. Ya ɗan karkata ido ya leƙa madubinta. Abin da madubi ya nuna masa fili ne fetal, sai akuya ɗaya tana cin kwali.

Daga jikin katanga muna hangensa. Na tabbata ba rumfa yake tunani ba a lokacin, teburin mai shayi na gobe yake tunani, da yadda za a ce masanin zaɓe ya tsaya bai samu ko mutum ɗaya ba. Ya ajiye allo a ƙasa. Ya gyara hula. Ya ratsa fili da ƙasaita, ya je ya tsaya a wutsiyar layin Didier, yana faɗa da ƙarfi cewa shi tun jiya ya hango inda iska ta dosa, mai hankali ba ya jayayya da alƙaluma.

Muka taso gaba ɗaya daga inuwa, maza da mata, masu kifi da masu tumatir, muna kiran sunansa. Sai a lokacin ya waiwaya. Ya ga jama'ar da ta ninka layin Didier tana kwararowa, ta zo ta jeru a bayan allon da ke kwance a ƙasa. Ya zabura zai koma, mai ƙirga ya dafa kafaɗarsa ya ce ya tsaya inda yake, ya riga ya ƙirga shi. Da aka gama ƙirga, Didier ya tako da kansa ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Useko, Misye Sharif. Na gode da amana."

Kafin damina aka tashe mu. Yanzu muna ƙurya, hayaƙi na shiga mana ido tun safe, masu saye sai su ɗaga zane su shinshina su ajiye. Mama Kaltumi tana ƙona turarenta ba don talla ba, don ta samu ta yi numfashi. Ni dai har yau in na tuna yawan mutanen da suka taso daga katangar nan, abinci ba ya yi mini daɗi.

An ɗauki lokaci babu mai yi wa Sharif magana, shi ma ya yi shirun da ba mu san yana da shi ba. Amma hali zanen dutse. Wata ranar muna zaune da Malum Mahamman muna korar ƙuda, ya matso ya yi gyaran murya.

"Malum, ba don in tayar da tsohon zance ba. Amma a faɗi gaskiya, wanda na tsaya a bayansa ai shi ya ci."

Malum ya ɗaga carbi. Mama Kaltumi ce ta amsa daga rumfarta, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ka yi gaskiya, Sharif. Wannan awon kam ka iya shi. Duk faɗin kasuwar nan, kai kaɗai ka gane ba a tsayawa a bayanka."